Fatar Inci Goma Sha Biyar

Ranar Litinin da hantsi mawaƙiyar ta buɗe kwaɗon ɗakin gwajin kiɗa, ta kunna fitila, ta ga ƙafar ganga a tsaye babu ganga a kanta.

Sauran kaya duk suna nan. Lasifika biyu, jita uku jingine da bango, babbar gangar da ake takawa da ƙafa, har da kwamfutar haɗa sauti, wadda kowane ɓarawo zai fara kai wa hannu. Abu ɗaya aka ɗauka: ƙaramar gangar ƙarfe ta makaɗin ƙungiyar, dattijon da kowa ke kira Tsoho.

Saje ta iso da tsakar rana. A ƙafa ta zo, don motar ofis ta kwana uku a kan duwatsu tana jiran taya. Shekararta ashirin da shida tana aikin ɗan sanda, kuma yanzu ƙafafunta kan kumbura tun rana ba ta take ba. Sai da ta nemi kujera kafin ta nemi mai ƙara.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da maigadi," in ji mawaƙiyar. Ita ce shugabar ƙungiyar.

"An fasa wani abu?"

"Ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗon."

"Yaushe rabonku da gangar?"

"Asabar, da muka dawo daga wasa muka sauke kaya. Kullum gida yake tafiya da ita, rungume kamar jariri. Sai in akwai gwaji Litinin da safe nake lallaɓa shi ya bar ta, kada ya manta ta a motar haya."

Tsoho na zaune a lungu, sandunan kiɗa a kan gwiwarsa. Saje ta ja kujerarta kusa da shi.

"Sannu, Baba. Gangarka ce ta ɓata?"

"Tawa ce. Shekara arba'in da ɗaya." Ya dubi ƙafar gangar, ya dube ta. "Ke za ki nemo ta?"

"Zan gwada."

"Gangar kam ƙarfe ce, 'yata. Fatar nake so."

Mawaƙiyar ta yafito Saje zuwa bakin ƙofa, ta rage murya. Ta ce shekara uku ke nan Tsoho ya fara mantuwa. Hannunsa bai manta komai ba, kansa ne ke sakin hanya. Zai gama waƙa ya rasa wadda ke biye. Matarsa ce ta fara ganewa, sai ta ɗauki biro ta rubuta masa jerin waƙoƙin ƙungiyar ashirin da biyu a kewayen fatar gangar, can gefe inda sanda ba ta sauka, kowace da alamar saurinta da inda zai tsaya. Bara waccan ta rasu.

"Mun gwada ba shi takarda, ba ya kallonta," in ji mawaƙiyar. "Rubutunta kawai yake yarda da shi. In babu fatar nan, Saje, aikinsa ya ƙare. Ni kuma ina da wasa ranar Asabar."

Saje ta zagaya ɗakin a hankali. Ƙofa ɗaya ce. Taga ɗaya ce, a sama ta bangon baya, tana kallon wani lungu da ba kowa ke bi ba. A rufe take, sakata a zure ta ciki. Ta hau benci tana nishi, ta duba gilasai huɗun da ke jikin tagar. Uku sun yi ƙura har ba a ganin waje. Na huɗu, wanda ke kusa da sakata, fes yake. Ta sa aka kai ta lungun baya, ta taka wani tubali, ta danna babban yatsanta a kan danƙon da ke riƙe gilashin. Ya lotsa. Na sauran ukun ya bushe kamar dutse. Ta goge yatsan a gefen siket.

Kafin ta dawo ciki wayarta ta yi ƙara. Shugabanta ne. Ya ce ganga ɗaya ba ta kai a ɓata yini biyu a kanta ba. Makulli biyu ne, ɗaya na hannun mai kaya, to a kawo masa maigadi ya kwana a bayan kanta, da safe zai tuna inda ya kai ta. Saje ta roƙi zuwa Laraba. Ya ce Laraba da rana, ko ɓarawo ko maigadi.

Ta fara da mawaƙiyar.

"An taɓa taya gangar nan?"

Matar ta gyara zama. "Wata biyu da suka wuce na sa hoton wasanmu a waya. Wani mai tara tsofaffin kayan kiɗa ya gani, ya ce an daina ƙera irinta tun tuni. Kuɗin da ya faɗa zai sayi mota."

"Kika ce me?"

"Na ce wa Tsoho ya sayar, ya cire fatarsa ya rataye a bango, ya huta. Ya yi kwana huɗu bai gaishe ni ba."

"Lambar mutumin tana hannunki?"

"Na rubuta wa Tsoho a takarda, ya cusa a aljihu. Saje, in zargina kike yi, faɗi. Amma ki sani, Asabar ɗin nan in babu shi ni ce zan tsaya gaban jama'a ina jin kunya."

Maigadi dogon mutum ne mai ɗingishi, ya cire hularsa tun kafin a tambaye shi sunansa. Ya ciro makullin daga igiyar da ke wuyansa ya ce ko wanka ba ya cire shi. Ranar Lahadi yana bakin ƙofar gaba tun safe har yamma, ba wanda ya shiga.

"Lungun baya fa?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe. Sai mai gyara."

"Wane mai gyara?"

"Mai gyaran taga. Da rana na leƙa na gan shi a kan tsani, da rigar aiki da hula. Na ɗauka mai ginin ne ya aiko shi. Na ce sannu da aiki, ya ce yawwa."

"Ka ga fuskarsa?"

"Bai juyo ba." Maigadi ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Wayyo ni. Ɓarawon na yi wa sannu da aiki?"

"Koma bakin ƙofarka," in ji Saje.

Na uku shi ne makaɗin da ke karɓar Tsoho in ya gaji, wani mai shekara talatin da wani abu da ake kira Bahago. Kowa a ƙungiyar ya san shekara biyar yana jiran kujerar Tsoho. Bai ɓoye ba.

"Ina so, ƙwarai. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina kiɗa waƙa huɗu a wasa ana ba ni kamar sadaka. Amma da hanyar banza zan bi, reza ta ishe ni. Yanka ɗaya a fatar, magana ta ƙare. Me zai kai ni ga ɗaukar ganga?"

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Koyar da kiɗa, tun safe har la'asar, a gaban ɗalibai takwas. Ga lambar mai makarantar." Ya shafa fuska. "Bari in taimake ki, don in huta da kallon da ake yi mini. Wanda ya ɗauki gangar nan ba zai iya sayar da ita da fatar ba, rubutu ne a kanta ko'ina. Dole ya sauya. Kuma inci goma sha biyar ce."

"To sai me?"

"Gangar kowa sha huɗu ce. Sha biyar ba mai ajiye ta a shago, sai an yi oda. Shagon kayan kiɗa nawa ne a garin nan? Uku. Ɗaya ma ya koma sayar da waya."

Da yamma Saje ta raka Tsoho gida. A wajen 'yarsa yake zaune, a hawa na biyu na wani dogon gini, ɗaki biyu da falo. 'Yar ta buɗe ƙofa da idanun wadda ta daɗe ba ta ƙoshi da barci ba. A jikin kowace ƙofa an manna takarda da manyan haruffa: banɗaki, kicin, ɗakin Baba. A kan murhun gas an rubuta: kada ka taɓa.

"Da ina koyarwa," in ji 'yar, ganin Saje na karantawa. "Na ajiye bara. Ba a barin sa shi kaɗai."

Mijinta ya fito daga ɗaki, mutum mai sanyin murya, ya karɓi sandunan daga hannun Tsoho ya ajiye, ya cire masa takalmi, ya kawo wa Saje ruwa a kofi. Yatsunsa uku na naɗe da filasta. Ya ɗora kofin a kan teburin gilashi mai kauri, wanda ya fi duk kayan falon kyau.

"Wa ya san gangar za ta kwana a ɗakin gwaji?" Saje ta tambaya.

"Duk 'yan ƙungiyar," in ji shi. "Mu ma mun sani, tunda ya dawo babu ita. Ni dai maigadin nan ban taɓa yarda da shi ba, Saje. Ƙofa ba ta buɗe kanta."

"Haka ne," in ji ta. "Takardar da aka rubuta lambar mai son saye fa?"

'Yar ta ce ta gan ta a aljihun Baba ranar wanki, ta ajiye a kan firji, daga baya ba ta sake ganinta ba. Abubuwa da yawa na ɓata a gidan nan yanzu, in ji ta, ta daina tambaya.

Tsoho ya ɗago daga kujera. "Wannan baƙuwar wace ce?"

"'Yar sanda ce, Baba. Saboda gangarka."

"Me ya sami gangata?"

'Yar ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta durƙusa gabansa ta fara faɗa masa daga farko. Saje ta shanye ruwanta ta fita. Tata mahaifiyar ma da haka ta fara, kuma ta san yadda ake ƙarewa.

Talata ta bi shaguna.

Na farko babba ne, a bakin titi, lasifika jere har waje suna ta ruri. Fatun ganga na rataye a bango cikin leda, farare da masu haske kamar gilashi, duk na roba. Mai shagon ya rage sauti da ƙyar.

"Sha biyar? Babu. Ga sha huɗu, ga sha uku, ga sha shida ta gangar ƙasa. Sha biyar sai dai ki je wajen Inna mai tabarau, bayan tashar mota, ita ke da haƙurin oda."

"Wani ya nema kwanan nan?"

"Ke ce ta biyu a shekara goma. Wani ya zo mako biyu da suka wuce, da lamba a takarda. Ban ma gane lambar ba, na tura shi can."

"Yaya yake?"

"Mutum dai. Ina da masu saye a gabana, ban tsaya zana shi ba."

Shagon Inna mai tabarau ɗan ƙarami ne, yana warin fata da man goge ƙarfe. Ganguna marasa fata na jibge har rufi suna jiran gyara. Dattijuwar na zaune bayan akwatin gilashi mai tsagewa, tana ɗaure wata ganga da ɗan makulli mai kan murabba'i, tana ƙwanƙwasa gefen fatar da yatsa tana saurare. Ta ture wa Saje kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yar nan, ƙafarki na kuka tun daga ƙofa. Sha biyar kike tambaya? Kin makara da awa uku. Ɗazu mai ita ya karɓa."

"Yaushe ya yi oda?"

"Yau kwana goma sha uku."

Saje ta lissafa a zuci. Kwana goma sha ɗaya kafin a ɗauki gangar.

"Makaɗi ne?"

Inna ta yi dariya har tabaranta ya zame. "Wannan? Ko bokiti bai taɓa kaɗawa ba. Ya miƙo mini takarda an rubuta ɗari huɗu da biyu. Na ce ɗari huɗu da biyu na me? Ya ce milimita. Na ce malam, shekara talatin ina sayar da fata, ba wanda ya taɓa zuwa mini da milimita. Makaɗi inci yake faɗa, ko ya ɗauko gangar ya kawo. Kuma ba a yin ganga mai wannan faɗin. Na ce zoben waje ka auna, koma ka auna jikin gangar ta ƙarƙashinsa. Washegari da safe ya dawo da ɗari uku da tamanin da ɗaya. Sha biyar cif. Awo kam ya iya, ko gashi bai kuskure ba."

"Washegari da safe?"

"Ina buɗe shago."

"Ya bar suna ko lamba?"

"Ya ce zai riƙa leƙowa da kansa. Yau da ya karɓa na ce kana da makullin ɗaurewa? Ya ce wane makulli? Na nuna masa wannan. Ya ce yana da filaya. Na ce filaya za ta cinye maka kan ƙusoshin, ka saya, bai kai kuɗin kofin shayi ba. Ya ce a'a. Kin san namiji in mace ta koya masa aiki."

"Me kika lura da shi a jikinsa?"

"Yatsu duk filasta. Sannan ga rashin ta-ido." Ta buga akwatin da ke gabanta. "Zai fita ya shafa tsagewar nan ya ce wanda ya sa mini gilashin ya cuce ni, milimita huɗu ne, shida ya kamata. Na ce to ka zo ka sauya mana. Sai ya yi wuf ya fice, kamar na zage shi."

Saje ta daɗe a zaune ba ta tashi ba. Sannan ta kira 'yar Tsoho a waya, ta tambayi jikin Baba, ta ce teburin falonsu ya burge ta, a ina suka saya. 'Yar ta ce ai mijinta ne ya yi, yankan gilashi ne sana'arsa, shagonsa na layin masu walda. Har ta yi mata kwatance.

Laraba da safe Saje ta je da kurtu ɗaya, ta bar shi a bakin ƙofa. Shagon dogo ne siriri. Gilasai da madubai na jingine a bango biyu, ta ga kanta sau goma tana ɗingisawa. Surukin Tsoho na kan teburin aiki yana jan abin yanka a bakin ma'auni. Ya ga inuwarta a madubi, hannunsa ya karkace, layin ya fita daga hanya.

"Saje. Sannu da zuwa. An kama shi?"

"Saura kaɗan. Ba ni kujera." Ta zauna, ta miƙe ƙafa. "Zan ba ka labari, in na yi kuskure ka gyara mini. Ba ta ƙofa aka shiga ɗakin gwaji ba. An cire gilashi ɗaya daga tagar baya, an zura hannu an zare sakata. Da aka fito da ganga aka mayar da sakata, aka mayar da gilashin, aka liƙe shi da sabon danƙo, har aka goge. Ɓarawo na fasa taga, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya gyara ba. Wanda ya yi haka so yake a ce da makulli aka shiga. Ke nan ba shi da makulli. Mawaƙiya da maigadi sun fita."

"Ai akwai ɗayan makaɗin."

"Yana gaban ɗalibai takwas. Kuma shi ya san inci. Wanda ya yi odar sabuwar fata da milimita ya je, irin awon masu gilashi. Ya yi kuskure, aka ce ya sake, washegari da sassafe ya dawo da awo daidai. A lokacin gangar ba a ɗakin gwaji take kwana ba, a gidanka take kwana. Wa zai iya auna ta tsakanin yamma da safiya?"

Ya tsura wa gilashin da ya ɓata ido.

"A gida za ka fi samun sauƙin ɗaukarta, amma mutum uku ne a gidan, ɗaya ba ya tuna komai, ɗaya 'yarsa ce. Shi ya sa ka jira ta kwana a waje. Inna mai tabarau na gaishe ka. Ta ce har yanzu tana jiran milimita shida."

Ya ajiye abin yankan a hankali, kamar zai fashe.

"In kira kurtu ya ɗaga maduban nan ɗaya bayan ɗaya," in ji Saje, "ko za ka rage mana wahala? Hannunsa ba shi da laushi."

Ya je can ƙarshen shagon, ya janye wani babban madubi, ya ɗauko abu naɗe da bargo. Gangar ce. Sabuwar fata fara sol na kanta a karkace, gefe ɗaya ya ɗame, gefe ɗaya ya saki. Kan ƙusoshin duk filaya ta tattaune su.

"Yaushe mai saye zai zo?"

"Juma'a. Ya ce a kawo masa da sabuwar fata, ba ya son abin da zai nuna ta wani ce." Ya zauna a kan akwati. "Shekara shida Baba yana gidana, Saje. Ban taɓa yi masa gori ba. Ni nake masa aski. Sau uku ya bar gas a buɗe. Watan jiya ya fita da rana, sai a bakin gada muka same shi, yana tambayar mutane hanyar gidan da aka rushe shekara ashirin. Matata ta bar aikinta. Kin ga idonta. Ga abin da zai ɗauko mana mai jinya na shekara uku, yana rungume da shi a motar haya, wata rana ma ya manta shi a kujera wani ya tsinta a banza. Na roƙe shi, ya ce in fita masa daga ɗaki. Ɗakin da nake biyan haya."

"Ka gaya wa matarka?"

"Ba za ta yarda ba."

"To da kuɗin sun zo, daga ina za ka ce mata sun fito?"

Ya shiga murza filastar yatsansa.

"Maigadi fa? Yau da rana za a rufe shi. Kai da bakinka ka ce mini ba ka yarda da shi ba. Yana da gurguwar ƙafa da aiki ɗaya."

"Na ɗauka za a tambaye shi a sake shi."

"Ba ka taɓa kwana a bayan kanta ba, shi ya sa." Ta miƙe da ƙyar. "Ina tsohuwar fatar?"

Ya nuna wata tsohuwar gangar man fetur da ke bayan ƙofa, inda yake zuba fasassun gilasai. Jiya ya jefa ta ciki, da yamma kuma ya juye tarkacen yini a kai. Saje ta naɗe hannu da tsumma ta tona. Duk da haka sai da gilashi ya yanke ta a wuyan hannu. Fatar ta fito a yayyage, zoben ƙarfenta ya lanƙwashe. Ta kai ta bakin ƙofa wajen haske. Ƙananan haruffa ne na biro shuɗi, a tsare, irin rubutun mai haƙuri. Ta ƙirga waɗanda ke karantuwa. Tara.

"Rubutun surukarka ne," in ji ta.

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa ban iya ajiye ta inda zan riƙa gani ba."

A ofis shugabanta ya dubi gangar, ya ce ashe ma 'yar ƙarama ce, ya koma ɗakinsa. Saje ta aika wa maigadi cewa ya kwantar da hankalinsa. Ta kira mawaƙiyar, wadda ta ce Asabar dai Bahago zai hau, daga baya a ga abin da hali zai yi. Kiran ƙarshe, na 'yar Tsoho, shi ne mai nauyi. Ta yi shi a tsaye.

'Yar ta iso da mahaifinta bayan awa ɗaya, don sai mai kaya ya shaida kayansa. Fuskarta a bushe take. Ta zaunar da shi a bencin baranda, ta zo teburin Saje.

"Na gaya masa sau biyu a hanya," in ji ta. "Na farko ya yi kuka. Na biyu ya ce ƙarya ne. In Baba ya ce ya yafe, za a sake shi?"

"Takarda ta riga ta shiga. Sai gaban alƙali. In mai kaya ya yafe, yakan yi sauƙi."

"Yafewar wanda ba ya tuna abin da aka yi masa, ana karɓa?"

"Ban sani ba," in ji Saje. "Ban taɓa kai irinta ba."

Ta ɗauki gangar da yagaggiyar fatar ta kai wa Tsoho. Gangar ya ajiye a gefe. Fatar ya ɗora a cinya, ya haɗa bakin yagewar da yatsu, yana bin haruffan yana motsa leɓe. Ƙafarsa ta dama ta fara taka ƙasa a hankali. Da ya kai inda rubutun ya yanke, ƙafar ta tsaya.

A daidai lokacin kurtu ya fito da surukin daga ɗakin ɗaukar bayani, zai wuce da shi ciki. Barandar siririya ce, babu hanyar kaucewa. Matarsa ta juya fuska ga bango. Tsoho ya ɗago, ya gan shi, fuskarsa ta washe.

"A'a, kai ma ka zo? Ka rufe shago saboda ni?" Ya kamo hannun mai filasta da hannu biyu. "Duba, an samo ta. Wani marar imani ne ya yayyaga. Kai da ka iya gyara, ka duba mini ko za ta liƙu."

Surukin ya sunkuyar da kai. Kurtu ya dubi Saje.

"Bar shi ya duba," in ji ta.

Ya durƙusa a gaban bencin, ya karɓi fatar. Ya shiga haɗa gutsattsarin da sauri, suna ƙin haɗuwa.

"A hankali, ɗana," in ji Tsoho. "Ba sauri muke ba."